Abin da Hajjo Ta Ƙi Rubutawa

A shekarar fari, zamanin mulkin soja, aka ba Salamatu ajin koya wa mata rubutu a wata rumfa a unguwar Kirkissoye. Da mata ashirin ta fara, duk waɗanda yunwa ta koro daga ƙasar Tawa. Yanzu saura bakwai. Mushe Amadou, malami mai duba azuzuwan, ya ce in ya zo ranar Alhamis bai tarar da goma ba, rufe ajin za a yi.

Shekara uku kawai Salamatu ta yi a lakwal, makarantar boko, kuma ba ta son matan su sani. Shi ya sa take tsayawa ƙyam da sanda a hannu, yadda ta ga mushensu, malamin ajinsu, yana yi, tana sa su kwafi abin da ke littafi.

Ranar Talata ta rubuta a allo: Rumbunmu ya cika da hatsi.

Hajjo, babbar cikinsu, ta ajiye alli.

"Ɗiyata, rumbun wa? Na bar layin rabon dawa don in zo in rubuta ƙarya?"

Mata biyu suka fara naɗe tabarma. Salamatu ta dube su. Ta jingine sandar, ta zauna ƙasa cikinsu.

"Inna, ni ma ban yi nisa a karatu ba. Abin da littafi ya ce nake bi, don tsoro nake ji. Me kike so a rubuta?"

Hajjo ta sake ɗaukar allinta.

"Mariyama. Jikata ce. A hanya muka binne ta, ko alama ba mu sa ba."

Salamatu ta kama hannun tsohuwar, suka ja baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Masu tabarma suka koma suka zauna. Kowace da sunan da ta bari a hanya.

Ranar Alhamis Hajjo ta zo da maƙwabtanta biyu. Mushe Amadou ya ƙirga.

"Tara ne, madam."

Salamatu ba ta taɓa ɗaga ido gabansa ba. Amma yau ta dube shi ta ce, "Ni ce ta goma, mushe. Ni ma koyo nake."

Ya dubi allunan da ke cike da sunaye, ya tambayi ko na wane ne. Aka faɗa masa. Ya rufe littafinsa.

"Sati ɗaya na ƙara miki. Fiye da haka ba ya hannuna."