Ƙarfin da Bashiru Ya Ɓoye

Shekara goma sha ɗaya Bashiru na Kanan-Bakashe yana kokowa, bai taɓa barin kowa ya ga iyakar ƙarfinsa ba. Haka ubansa ya hore shi: ɗan kokowa ba ya zazzage buhunsa ranar da ba a kaɗa ganga ba. In ka nuna duka, abokin karawa ya auna ka, masu kambun baka su cinye sauran.

Bana aka tara ƴan kokowa a Mayahi, mutum takwas, za a ɗauki biyu su shiga ayarin Maraɗi. Bashiru ya ba talatin da biyar baya. Ya sani sarai, in wannan ta wuce shi, shi da fili sai dai kallo.

Mai zaɓen, Moktar, wanda suke kira Mushe, wato malam da Faransanci, bai zo da makaɗi ba. Wata ƴar na'ura ya kawo, ba ta fi kwalin ashana ba, ana ɗaura ta a ƙugu. Kowa zai ɗaga ƙarfe sau uku, ita kuma ta aika wa telefonsa saurin tashin mutum da ƙarfin da ya sa.

"Ku ba da duka," in ji shi. "Ita ba ta san sunan uban kowa ba."

Bashiru ya yi dariya a ciki. A gaban wa? Ga Sidi nan tsugune, sabon jini mai neman kayar da shi tun bara, ya zuba masa ido ko ƙiftawa babu. Da aka ɗaura wa Bashiru na'urar, sai ya kama ƙarfen ya tashi a hankali, yana nishi, har da ƴar rawar hannu ta ganganci. Wallahi ya iya. Ya koma inuwa yana jin daɗin kansa, bawan Allah.

Bayan la'asar aka karanta sunaye. Sidi da wani Alhassan. Bashiru ne na bakwai.

Ya bi Mushe har gindin mota.

"Mushe, wasa nike yi. Maida mani na'urar ka gani."

"Yaya Bashiru, na riga na aika. Manya sun gani can Maraɗi."

"To hwaɗa masu ni ne. Wa bai san ni ba?"

"Sun san ka," in ji Moktar, yana kallon ƙasa. "Dama suna cewa shekaru sun kama ka. Yanzu sun ce ga shaida."

Bashiru ya juya, ya tattaro duk ƙarafan da ke wurin ya jera a sanda ɗaya, nauyin da ba wanda ya kusanta ranar. Ya tofa yawu a hannu, ya sunkuya, ya fizge shi sama kamar damin kara. Sidi ya miƙe tsaye, baki buɗe.

Bashiru ya saki ƙarfen, yana haki, ya dubi Moktar. Na'urar tana cikin jaka tun ɗazu.

"Na gani da idona," in ji Moktar, murya ƙasa-ƙasa. "Amma can ba idona suke tambaya ba."

Ya rataya jakarsa, ya ce wa Sidi da Alhassan su kawo hotunansu gobe da safe.