Gaurakan Luba

A shekarun da Turawa suka kafa alamun iyaka a arewa da Jibiya, akwai wata mata a Magama mai suna Luba, wadda duk ɗan tsuntsun da ya faɗo daga sheƙa wurinta ake kai shi. Mijinta ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ba ta son a tausaya mata. Kowane tsuntsu da ƙwaryarsa, don manya na danne ƙanana. 'Yan shilan hasbiya da ba su buɗe ido ba, tauna gero take yi ta ba su baki da baki. Ɗan kurciya mai fitar gashi kuwa jiƙaƙƙen tsaki ya ishe shi.

Babbansu shi ne gauraka. Makiyaya suka tsince shi a fadama yana ɗan mitsitsi, ta raine shi da fara da gara har ya yi tsawo, tukkunsa ya fito. Ba ya cin abincin hannun kowa, ba ya bin kowa sai ita. Rijiya, gona, gidan suna, yana bayanta yana taƙama kamar shi ya aure ta. Luba na sonsa, so na gaske.

Wata safiya ƙanenta Lado, wanda ya daɗe yana neman aiki a barikin Faransawa, ya shigo da fara'a.

"Yaya, Baturen tsallake ya ji labarin tsuntsun nan naki. Gani kawai shika son yi. Mu tahi, kahin azahar kin dawo."

"Gani kawai, Lado?"

"Wallahi gani kawai. Ni zan cuce ki?"

Ta ciyar da ƙananan, ta yafa zane. Ba a sa wa gauraka igiya ba, mene ne amfaninta? Ita ta yi gaba, shi ya bi ta, suka wuce alamar iyaka har bakin tantin Bature.

Bature ya zagaya tsuntsun yana murmushi, ya dafa kafaɗar Lado. Sai wani soja ya fito da almakashi, wani ya riƙo igiya. Nan take suka danne gaurakan, suka datse gashin fiffike, suka ɗaure ƙafarsa a turke.

"Lado, don mi suka yi haka?"

Bai dube ta ba. "Na riga na ba da shi tun kasuwar da ta wuce don a ɗauke ni aiki, Yaya. An gwada kama shi kina daji, ya gagara. Ke kaɗai shika bi."

Ashe ita ce igiyar. Da ƙafarta ta kawo shi. Ta dubi ƙanen da ta goya a bayanta yana yaro.

Ta juya za ta tafi, gauraka ya zabura zai bi ta, igiya ta fizge shi ya kifa. Ya tashi ya sake zabura, har ƙafar ta fara jini. Luba ta gane muddin yana ganinta sai ya karya ƙafar nan. Ta ja zane ta rufe kanta, ta kutsa cikin mata masu tallar nono, ta sauya tafiya don kada ya gane ta.

Yana ta kira a bayanta. Ta ciji leɓe, ba ta amsa ba.