Maƙalar Malam a Bakin Farfesa

Tun a jimla ta uku Maman Auta ta gane cewa maganar mijinta ce ke fitowa daga bakin Farfesa.

Tana zaune a layin ƙarshe na babban zauren jami'ar, sanyin na'ura yana ratsa mayafinta. A bango an rataye ƙyalle mai ɗauke da taken taron, wato yadda falsafa za ta haɗa kan fannonin ilimi don amfanin ɗan Adam. Masana sun zo daga nesa, kowa da katin suna a wuya. Ita babu wanda ya gayyace ta. Masinjan sashen ne ya tsegunta mata cewa yau za a gabatar da aikin Malam, shi ya sa ta rufe keken ɗinkinta ta taho.

Malam, mijinta, ƙaramin malami ne a sashen falsafa. Shekara tara ya yi yana rubuta digirinsa na uku a ƙarƙashin Farfesa. Shi ke shiga masa aji, shi ke duba masa takardun jarrabawa, wani lokaci har yara yake ɗauko masa daga makaranta. Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, sai ya koma yana faɗa tana buga masa a kwamfuta da yatsa biyu. In ta yi kuskure ya kwashe da dariya ya ce, "Telan gari guda, amma waƙafi ya gagare ki!" Babin ƙarshe ita ta kai wa Farfesa har ofis, kwana goma kafin rasuwar Malam.

Farfesa ya gyara zaman tabarau, ya sassauta murya.

"Na san wata yarinya mai sikila," in ji shi. "Likita jininta yake gani. Malamin makaranta kwanakin da ta yi fashi yake gani. Maƙwabta kuwa suna ganin wadda ba za ta daɗe ba. Kowa ya yanki nasa ya tafi, babu wanda ya tsaya ya ga yarinyar."

Wata Dakta a gabanta ta share ƙwalla.

Auta ce yarinyar. Jimlar ƙarshen ma ba ta Malam ba ce, ita ta faɗe ta a bakin gadon asibiti cikin ɓacin rai, shi kuma ya ce, "Maimaita, wallahi kin fi littattafan da na karanta."

Da Farfesa ya gama, aka miƙe tsaye ana tafi. Lokacin tambayoyi ta ɗaga hannu, ta bar shi a sama har kafaɗarta ta gaji. Shugaban zama ya dubi wuyanta, bai ga kati ba.

"Baiwar Allah, a yi haƙuri, tambaya ta masu rajista ce."

*

A bakin ƙofa ta tare Farfesa, ana ta ɗaukar hoto da shi.

"A'a, matar marigayi! Ya ƙarin haƙuri? Ya yara?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Har da wadda ka ce ka sani."

Murmushinsa bai gushe ba, amma ya ja ta gefe.

"Kin ga, shi ilimi babu nawa babu naka. Ni na raini tunanin nan tun yana ɗanye. Da na bar shi a aljihun tebur, ai da an binne su tare. Kuma ban manta da shi ba, duba shafin ƙarshe."

Ya danƙa mata kwafin maƙalar, aka kira shi cin abinci, ya wuce.

Ta buɗe a tsaye. An gode wa shugaban jami'a, an gode wa waɗanda suka ɗauki nauyin taro, an gode wa uwargidan Farfesa bisa juriyarta. A can ƙasa aka ce, "da wani ɗalibina da ya taimaka wajen buga rubutu."

Ta karanta sau biyu. Ko bugun ma ba shi ya yi ba.

*

La'asar ta yi lokacin da ta isa gida. Yayyen Auta ba su dawo ba. Auta tana kwance a kan tabarma, robar ruwan zafi a kan gwiwoyinta, idanunta sun yi rawaya. Da jin motsin ƙofa ta yunƙura.

"Mama, sun faɗi sunan Baba?"

Maman Auta ta sunkuya tana cire takalmi, ta daɗe a sunkuye.

"Sun tafa masa," ta ce. "Har miƙewa tsaye suka yi."

"Duka-dukansu?"

"Duka."

Yarinyar ta koma ta kwanta tana murmushi. "In na warke sai na faɗa wa 'yan ajinmu."

Uwar ta taɓa robar, ta ji ta huce. Ta ɗauka ta shiga kicin, ta ɗora buta a wuta. Ruwan ya tafasa, ya yi ta bori yana zuba a kan murhu, ita kuwa tana tsaye tana kallonsa.