Wanda Ya Riga Ni Buɗe Jirgin

Shekara arba'in da ɗaya ina gyaran agogo a shago ɗaya, sai ga 'yar cikina ta ce wai in rufe, na fara mantuwa. Wai na ba wani agogon wani, wai na bar ƙarfen narka dalma a jone har tebur ya ƙone. Ni ban san an yi ba. Tabon ƙuna dai yana nan, amma wane teburin aiki ne ba shi da tabo? Na ce mata ranar da ta kawo shaidar da idona zai gani, da hannuna zan miƙa mata makullin. Ta fita tana share hawaye, ni kuwa na ci gaba da aikina.

Yau da hantsi ƙanena ya shigo da kwali a hammata. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, har yanzu Direba muke ce masa, ko da yake ko keke ya daina tuƙawa. A cikin kwalin akwai ɗan kan jirgi baƙi, tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba, wanda abokan aikinsa suka ba shi ranar da ya ajiye aiki. Ba abin wasan yara ba ne. Akwai inji a ciki, in an ɗora shi kan ɗan layin dogonsa aka ba shi wuta, tafiya yake yi har da fitila. Ya ce ya daina motsi, in duba masa. Ya ja benci ya zauna tsit, mutumin da in ya fara labarin tasha sai an roƙe shi ya yi numfashi.

Na ce masa ban taɓa buɗe irin wannan ba, amma duk abin da mutum ya rufe, mutum zai buɗe shi. Na naɗe tsumma, na kifa jirgin a kai, na sa gilashina a ido. Noti biyu a ƙasa, gaba da baya. Bodin ya ƙi motsi, sai hannuna ya tafi kai tsaye cikin bututun hayaƙi, ga na uku a ɓoye. Har na yaba wa kaina. Saura 'yan haƙora huɗu da suka kama bodin ta gefe. Waɗannan ba a yi musu ƙarfi. Tsinken sakace na riƙa cusawa ɗaya bayan ɗaya, sannan na ɗaga daga baya a hankali saboda wayar fitila.

Abin da na gani a ciki ya ɓata mini rai. An karya haƙori ɗaya an dambara masa gam. An narka dalma a kan waya, ta taru kamar kashin akuya. Noti ɗaya ma na agogo ne, aka danna shi da ƙarfin tsiya. Na tambayi Direba wane mai ƙaton hannu ya kai wa kafin ni, na ce ko wane ne ya kamata a ƙwace masa sukundireba a ba shi tsintsiya. Shi dai yana ta kallon takalminsa.

A sana'armu, duk wanda ya buɗe agogo yakan ɗauki allura ya zana 'yar alamarsa da kwanan wata a cikin murfi, don na baya ya san wanda ya taɓa. Tawa ƙugiya ce da ɗigo biyu, kuma ko rediyo na buɗe sai na sa ta. Na juya bodin ina neman alamar mai laifin, in san wanda zan ci wa mutunci.

Ƙugiya da ɗigo biyu. A ƙarƙashinta wata, a ƙarƙashin wannan kuma wata. Uku, da kwanakinsu, duka cikin wata biyun nan. Na cire gilashin na goge na mayar. Har lambar bakwai irin tawa mai ɗan layi a tsakiya tana nan. Hantsakin da nake riƙe da shi ya faɗi daga hannuna. Tun da nake ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, kuma babu kowa a gabana sai ƙanena.

Da ƙyar ya yi magana. Ya ce karon farko da gaske jirgin ya lalace, na gyara, da ya kai shi gida sai jirgin ya riƙa tafiya da baya. Da ya dawo da shi sai na tambaye shi ina ya samo wannan kyakkyawan abu. Yau ma don in gani da idona ya kawo shi.

Na ce, "To me ya sa ban ga alamar ba a lokacin?"

"Ka gani, Yaya. Wancan karon ma ka gani. Ka yi kuka a kan kujerar nan, ka ce gobe za ka ba 'yarka makulli. Na rufe bodin na tafi. Da gari ya waye ka buɗe shago kana gaisawa da mutane."

Agogon bango goma sha ɗaya suna ta bugawa, duk daidai, duk ni na saita su. Daga baya na ɗauki allura, don dai an buɗe abu, dole a sa alama. Na zana ƙugiyar da ɗigonta biyu, sannan hannuna ya tsaya. Sai da na tambayi Direba yau nawa ga wata.

Ya miƙo hannu zai tattara jirgin cikin kwali, na riƙe bodin. Na ciro makullin daga aljihu na sa masa a tafi, na ce ya kai wa 'yata yanzu, ba gobe ba, ya kuma ce ta zo da takarda da biro ta rubuta wannan kafin ya gudu daga kaina. Ita ce ke rubutawa yanzu, tana yi tana jan hanci.

Kafin Direba ya fita na ce masa, "Injin ka tafi da shi. Bodin nan kuwa kada a sake rufe shi. A ɗaure mini shi da zare a ƙofar ɗakina, cikinsa na kallon waje, inda zan gan shi in na fito da safe ina neman makulli."