Farfesan Ranar Asabar

"Wa ke tsaye a ƙofar nan kamar an dasa shi? In mutum ne ya ƙwanƙwasa."

Miriam ta ƙanƙame fulas ɗin kunun gyaɗa da mamarta ta aiko ta da shi. Muryar Baba Istifanus ce, sai dai ta shaƙe, ta rame kamar mai ita. Tun da ta dawo daga Jos take kauce wa gidan nan, tana zagayawa ta bayan shagon mai niƙa don kada a gan ta, alhali katanga ɗaya ce tsakaninsu a unguwar Nasarawa ta Kaduna. Yau kam mamarta ta ritsa ta kafin ta tafi sayar da doya a Gonin Gora, ta ce mutumin nan jikinsa ya yi tsanani, kuma yana ta tambayarta.

Matarsa, Maman Caleb, tana tsakar gida tana matse zanin gado. Ta ɗago ta ce, "Ki shiga mana. Ya ji labarin komai, ba abin da za ki ɓoye."

Abin da Miriam ke gudu ke nan. Ta ci jarrabawa, ta samu gurbi a jami'a, duk layin aka yi ta guɗa. Ta tafi rajista, sakatariyar wani ofis ta ce mata oga ba ya nan, ta dawo gobe. Ta koma, aka sake cewa gobe. Da ta ga goben ba ta ƙarewa, sai yarinyar nan ta ɗauki jakarta ta shiga motar Kaduna, ta dawo ta kwanta a ɗakin mamarta tana cewa ita karatun ya fita daga ranta. Ga shi ran Juma'a za a rufe rajista, wanda bai yi ba ya rasa gurbinsa.

Da a ce wani ne ya yi haka, da sauƙi. Amma Miriam 'yar Ajin 'Yan Fari ce. Malama Hope ce ta kafa ajin a sakandarensu, don yaran da babu wanda ya taɓa taka jami'a a gidansu, 'ya'yan masu faci da masu gasa masara da tsofaffin ma'aikatan masaƙa. Kowace Asabar ana koya musu lissafi da Turanci da yadda ake jarrabawa a kwamfuta. Da tafiya ta yi tafiya, sai malamar ta lura cewa yaranta suna cin jarrabawa, amma da sun ga ƙofar ofis sai su ja da baya. Shi ne ta zo ta roƙi Baba Istifanus, wanda ya yi rayuwarsa yana masinja a wata ma'aikata, ya san irin maganar da ke buɗe ƙofa da wadda ke mayar da mutum gida.

Allah sarki, Asabar ɗin nan! Baba zai zo cikin tsohon kwat mai ruwan toka, da tabarau da ya ara wurin matarsa, ya shige ɗakin ajiyar tsintsiya ya zauna a bayan tebur, ya zama Farfesa. Yara su yi layi, kowa ya ƙwanƙwasa ya shiga ya faɗi buƙatarsa. Shi kuwa mugunta ba irin wadda ba ya yi. Ya buɗe jarida ya rufe fuska, ya ɗauki wayar da ba ta aiki ya yi ta hira da gwamna, ya tambayi yaro sunansa sau nawa ya manta. 'Yan layi suna leƙe ta taga suna dariya har da riƙe ciki. In an tashi kuma ya cire kwat ya saya musu rake, ya rako su gida yana ba su labarin lokacin da jiniyar masaƙa ke tashin mutanen Kakuri da asuba, kekuna su cika titi har ba wurin taka ƙafa.

Dokokinsa ba su da yawa. Ba a durƙusa wa tebur. Ba a fara magana da ba da haƙuri, tunda ba laifi aka yi ba. In an ce ka dawo gobe, ka nemi wuri ka zauna inda za a riƙa ganinka. Kowa a ajin ya wuce ƙofar nan, har Monday mai in'ina. Miriam kaɗai ce ba ta taɓa wucewa ba, ga ta kuwa ita ce ta ɗaya a lissafi. Da Farfesa ya ɗaga murya sai ta ce, "To, sa," ta juya. Har ya sa mata suna To-Sa.

Ta tura ƙofar ba tare da ta ƙwanƙwasa ba, ta durƙusa a gefen gado. Ɗakin yana warin man zafi da magani. Baba yana jingine da filo, ƙafafunsa sun kumbura, wuyansa kuwa ya zama siriri.

"Baba, ina kwana. Yaya jiki?"

"Jiki ga shi nan, yana abin da ya ga dama," ya ce. Ya daɗe yana kallonta. "Maman Caleb! Miƙo mini kwat ɗina."

Matar ta leƙo da kumfa a hannu. "Haba, Baban Caleb. Mutumin da ko zama ba ya iya yi?"

"Ba zama zan yi ba, aiki zan yi. Kawo."

Ta ciro shi daga ƙusa tana mita, ta ɗora masa a kan singileti. Kwat ɗin ya yi masa yawa, kafaɗun sun zubo. Ya karɓi tabarau ɗinta ya maƙala, ya ce wa Miriam, "Fita ki shigo."

"Baba, don Allah..."

"Babu Baba a ofis ɗin nan. Fita."

Ta fita, ta ja ƙofar. Ta ƙwanƙwasa a hankali.

"Ɓera ne ko mutum?"

Ta ƙara ƙarfi. Ya ce a shigo. Ta shiga, gwiwarta ta fara lanƙwasa da kanta, ta tuna, ta miƙe.

"Gud monin, sa. Sunana Miriam Elisha. Na zo a sa mini hannu in yi rajista."

"Wa ya aiko ki? Ba ki ga ina aiki ba?" Ya ɗauki kwalin magani ya kafa masa ido kamar jarida. Numfashinsa yana fita da wani ƙara da ba ta taɓa ji ba. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Ki dawo gobe."

Maman Caleb ta yi mata alama da ido daga bakin ƙofa, wato ki ƙyale shi haka, ya gaji. Miriam ta ji "to, sa" ta taso mata har bakin leɓe. Ta ma juya, ta kama labule. Sai ta sake jin numfashin nan a bayanta, ta tuna yadda mamarta ta ce likita ya sallamo shi shekaranjiya ba tare da ya rubuta sabon magani ba. Tsoro ya kama ta, amma ba irin wanda ta saba ji ba. Ta ga in ta fita yanzu, abin da zai tafi da shi ke nan game da ita, bayanta tana fita daga ɗaki.

Ta saki labulen.

"Zan jira, sa."

"Ba ki ji abin da na ce ba?"

"Na ji. Zan jira."

"Zan kira masu gadi su fitar da ke!"

"Ka kira su, sa. In sun fitar da ni zan zauna a baranda." Hawaye suna zuba mata, amma ta jawo kujerar roba ta ajiye daidai gabansa ta zauna, ta haɗa hannu a cinya.

Baba ya leƙo ta saman tabarau. Ya yi ƙoƙarin haɗe fuska, abin ya gagara. Dariya ta ƙwace masa, ta koma tari, har sai da matarsa ta rugo ta riƙe shi tana shafa masa baya.

"Kin gani ko, Maman Caleb?" ya ce da ya samu numfashi. "To-Sa ta ƙi fita. A gaban idona."

"Na gani. Sai ka cire kayan nan kafin ka kashe kanka."

Suka cire masa kwat ɗin tare. Miriam ta zuba kunu a kofi, ya sha cokali kaɗan ya kau da kai. Yanzu Baba ne sosai, muryarsa ta yi laushi.

"'Yata, matar can ta ofis ba dodo ba ce. Wataƙila ita ma ogan ne ya ɓata mata rai, ko ɗanta ba lafiya. Ki gaishe ta da kyau, ki tambayi sunanta, ki zauna. Mutum ba ya iya cin abincin rana ana kallonsa, dole ta sallame ki." Ya lumshe ido. "Na ga mutane da yawa sun juya a bakin ƙofa, manyan mutane da furfura. Ina tsaye ina kallo, ba ni da ikon cewa su zauna. Abin yana cina har yau."

"Zan koma, Baba."

"Yaushe?"

"In ka ji sauƙi."

Ya buɗe ido ɗaya. "Kin fara irin ta sakatariya ke nan. Gobe da safe."

Ta ce to. Barci ya ɗauke shi. Ita kuma ba ta tashi ba. Ta zauna tana kore masa ƙuda da murfin fulas, tana jin yara suna ƙwallo a layi, mai kifi tana talla, injin niƙa yana tashi yana mutuwa. Wajen la'asar hadari ya haɗo, Maman Caleb ta fita kwashe shanya. Kafin ta dawo, ƙaran numfashin ya tsaya. Miriam ta jira ya dawo, bai dawo ba. Ta kama hannunsa ta riƙe, sannan ta kira, "Mama, ki zo."

Kafin magariba gidan ya cika. 'Yan Ajin 'Yan Fari suka yi ta zuwa, wasu da katin aiki a wuya, wasu da goyo. Malama Hope ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gyale. Dangi suka yanke cewa ran Juma'a za a kai shi gida Zonkwa a binne. Miriam ta ji ranar, ta tuna a ranar ce za a rufe rajista. Ta samu Maman Caleb a kicin ta ce ita kam ba za ta iya tafiya ba a binne Baba ba ta nan.

Matar ta dube ta da jajayen idanu. "Masu binne shi sun yi yawa, har sai an rage. Ke kin yi naki yau ɗin nan, ina tsaye. Kada ki sa in yi miki faɗa da bakin da ba shi da ƙarfi."

Da safe Miriam ta fito da jakarta. Samari suna kafa rumfa a ƙofar gidan, matan zumunta na coci sun zauna a jere cikin anko, suna buga tulu a hankali suna waƙar ta'aziyya. Ta tsaya za ta shiga gaisuwa, Maman Caleb ta hango ta daga kan tabarma, ta kaɗa mata hannu alamar ta wuce. Wata daga cikin matan ta biyo ta da gudu ta cusa mata ƙunshin leda, ta ce in ji Maman Caleb.

Sai da mota ta bar tasha ta ɗauki hanya sannan ta duba. Shinkafar makoki ce, da ɗan yankan nama a sama. Ba ta iya ci ba. Ta ɗaure ledar ta ajiye a kan cinyarta, ɗumin yana ratsa siket ɗinta, gidajen Kaduna suna raguwa a taga.