Mai Wankan Gawa ta Ladywood

Likitan ya juya takarda ya fara zane da biro, Nadia tana fassara wa uwarta. Ciwon dajin da ke hanjin Hajiya Abiba ya bazu har tantanin da ya lulluɓe kayan cikinta. Za su tsaga ta daga ƙirji zuwa mara, su kankare duk inda ya taɓa. Sannan su ɗumama maganin daji su zuba a cikin, ya yi ta zagayawa awa ɗaya da rabi.

"Ya ce kamar wanki ne, Mma," in ji Nadia.

Abiba ta kalli hannuwanta. Wai ita za a yi wa bayanin wanki. Shekara goma sha shida, tun zuwanta daga Kumasi, duk 'yar zangon da ta rasu a Birmingham ita ake bugo wa waya ta je ta yi mata wanka.

Bara ta wanke ƙawarta Sadiatu, wadda aka yi wa aikin ciki a wani asibiti. Ɗinki ya bi ta kamar zif, ga wata kafa a gefe da aka manna wa jaka. Da ta ɗaga ta, ba nauyi ko kaɗan. Tun ranar, ko sujada ta yi, cikin nan take gani. Ba ta gaya wa kowa ba, don mai wanka ba ta faɗin abin da ta gani. Shi ya sa wata biyu Nadia ke kuka, tana zaton taurin kai ne ya hana uwarta zuwa wannan asibitin na Manchester. Ina taurin kai? Tsoro ne tsagwaronsa.

"Tambaye shi, in ban yi ba fa?" in ji Abiba.

Likitan ya amsa a hankali. Nadia ta juya tana kallon taga, ba ta fassara ba.

"To, in na yi?"

"Wasu na samun shekaru, Mma. Wasu kuma ba sa fita daga asibitin."

Abiba ta dubi 'yarta, ko jami'a ba ta gama ba, duk ta rame a tsaye. Ta karɓi biron ta sa hannu.

A jirgin ƙasa na komawa Birmingham Nadia ta yi ta waya da murna, har da sayo wa uwarta shayi. Sun iso gida, flat ɗinsu na unguwar Ladywood, da la'asar. Abiba ta yi salla, ta kwashe komai daga teburin cin abinci, ta kwantar da dogon matashi a kai, ta rufe shi da farin zane kamar gawa.

"Kawo bokiti da moɗa."

Nadia ta tsaya a bakin ƙofa. "Mma, no. Ba yanzu kika sa hannu ba?"

"Na sa, saboda ke. Ke ma yi mini wannan. In abin ya zo, ke za ki wanke ni, ba na son baƙuwa ta ga cikina."

"Ni fa? Ni zan gani."

Abiba ta fi kowa sanin abin da take ɗora wa yarinyar, kuma tausayinta ya kama ta. Duk da haka ba ta janye ba.

"Da dama ake farawa," ta ce. "Ba a yaye zanen. Hannu ke shiga ƙarƙashi."

Nadia ta daɗe a tsaye. Can ta naɗe hannun rigarta, ta matso.