Lambar da Ta Cinye Ɗaki

Farfesa ake ce masa a unguwa, alhali malamin lissafi ne da ya yi ritaya daga sakandare. Matarsa kuwa ba ta jin sunan nan ba ta taɓe baki ba.

Yana da wata lamba, doguwa kamar igiyar shanya, da ya rubuta da alli daga wannan kusurwar bangon ɗakin ƙasa zuwa waccan. Wai ba ta rabuwa da komai sai da ɗaya da ita kanta, wai kuma ranar da ya tabbatar da haka duniya za ta san shi. Shekara da shekaru ke nan yana shiga yana turo ƙofa. Ita dai ba ta ga duniyar ta zo ko gaisuwa ba.

Ga shi Inna, mahaifiyarta, ta karye a ƙugu, ba ta iya hawa bene. A falo take kwance bayan wani zane da aka rataya, baƙi na ta wucewa ta kanta.

"Malam, ka ba Inna ɗakin nan mana."

"Ranar da lambar nan ta rabu, ɗaki naki ne. Kafin nan kada a taɓa min bango."

Abin ya ƙona mata rai. Rannan tana shara, sai ta lashi yatsa ta goge bakwai ɗin ƙarshe, ta zana ƙaton sifili a wurin. Ta shirya wa faɗa, don ko ɗan firamare ya san abin da sifili ke yi a ƙarshen lamba.

Amma faɗa bai zo ba. Ya shiga, ya fito yana miƙa. "Lambar nan taurin kai gare ta, har yanzu ta ƙi rabuwa." Washegari ma haka. Kwana da kwanaki yana ba ta labarin wahalar da yake sha.

Sai ta bi shi ciki. Kujerarsa ta ba bango baya, ga matashin kai, ga rediyo. Ashe ba lamba yake gadi ba, nishin Inna yake gudu.

"Malam, juyo. Raba min ita da goma."

Ya juyo, ya bi layin da ido har ƙarshe. Ya buɗe baki zai yi faɗa, amma ko abin da ke wurin a da bai iya tunawa ba.

"Ta rabu," in ji ta. "Zo ka kama min gadon Inna."